KAFIN TAKARDA TA ZAMA SHAIDA: YADDA AKE TANTANCE KARATUN KWAMFUTA A MANYAN MAKARANTU

Duk wanda ya bi ta Titin Matan Fada a unguwar Nassarawa cikin Kano da sassafe, zai ga samari da 'yan mata suna sauka daga a-daidaita-sahu, kowa rungume da littattafansa, wasu kuma da jakar kwamfuta rataye a kafaɗa, suna dosar ƙofar Makarantar Fasaha, watau ɗaya daga cikin rassan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Da yawa daga cikinsu ilmin kwamfuta suka zo nema. A wannan unguwa ce kuma Gidan Gwamnati yake, da manyan ofisoshi inda iyaye da yayyen waɗannan ɗalibai suke aiki, kuma inda su kansu suke fatan wata rana su shiga da takardar shaida a hannu.

To, amma akwai tambaya guda wadda ba kasafai ɗalibi ko mahaifinsa yake yi ba a ranar da aka sami gurbin karatu, domin murna takan rufe ido. Tambayar ita ce: shin wannan kwas da za a shafe shekaru ana yi, a kashe dukiya a kansa, hukuma ta tantance shi ta amince da shi? Amsar wannan tambaya ita ce ke raba takardar da za ta buɗe wa mutum ƙofa da wadda za ta ƙare a ƙarƙashin akwati.

ASALIN AL'AMARIN

Tantance karatu ba sabon abu ba ne a Nijeriya, ko da yake bai zo rana ɗaya ba. A cikin 1959 Gwamnatin Tarayya ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby, Baturen Ingila, domin ya duba bukatun ƙasar nan wajen ilmi mai zurfi. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 1960, kuma bisa ga shawararsa aka kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NUC, a 1962. Da farko aikinta ba da shawara ne kurum. Sai a 1974 aka yi mata doka ta zama hukuma mai cin gashin kanta, aka naɗa Dakta Jibril Aminu Babban Sakatarenta.

A wancan zamani jami'o'i 'yan kaɗan ne, kuma majalisar malaman kowace jami'a ita ce wuƙa ita ce nama a kan abin da za a koyar. Da jami'o'i suka yawaita, tattalin arziki kuma ya soma tangal-tangal, sai aka ga cewa digirin wannan jami'a da na waccan suna iya zama suna ɗaya amma nauyi daban. Saboda haka a 1985 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 16, wadda ta ba hukumomin ilmi ikon ƙayyade mafi ƙarancin abin da dole kowane kwas ya ƙunsa, da ikon zuwa su gani da idonsu ko ana cika wannan sharaɗi. A 1989 NUC ta fitar da ma'auninta na farko, sa'an nan a tsakanin 1990 da 1991 aka yi zagayen tantancewa na farko a jami'o'in ƙasar nan. An sake fasalin ma'aunin a 2007.

WA KE DUBA WA

Ya kamata mai karatu ya san cewa ba hukuma ɗaya ce take wannan aiki ba, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Digirin jami'a yana hannun NUC. A Kano wannan ya shafi Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil wadda ta soma karatu a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012, har da jami'o'i masu zaman kansu irin su Skyline ta 2018 da Jami'ar Maryam Abacha ta 2021.

Difloma ta ƙasa da babbar difloma, watau ND da HND, irin waɗanda ake yi a Titin Matan Fada, suna hannun Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedkwatarta kuma tana Kaduna. Takardar malanta ta NCE kuwa tana ƙarƙashin Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi, wadda aka kafa a 1989.

Bayan waɗannan akwai ƙungiyoyin ƙwararru da doka ta ba iko a kan sana'arsu. A fannin kwamfuta akwai Majalisar Rajistar Ƙwararrun Kwamfuta ta Nijeriya, CPN, wadda Doka ta 49 ta 1993 ta kafa, kuma ita ma takan ziyarci makarantu ta duba yadda ake horar da waɗanda za su shiga sana'ar. Idan kuwa kwas ɗin injiniyancin kwamfuta ne, to, majalisar injiniyoyi ta COREN tana da ta cewa.

Abin lura a nan shi ne, lasisin buɗe makaranta daban, amincewa da kwas daban. Jami'a tana iya zama halattacciya, gwamnati ta san da zamanta, amma wani kwas a cikinta ya kasance ba a amince da shi ba. Kwas-kwas ake tantancewa, ɗaya bayan ɗaya.

YADDA AKE YIN AIKIN

Matakin farko yana zuwa ne tun kafin a ɗauki ɗalibi ko guda. Jami'ar da take son buɗe sashen kwamfuta sai ta rubuta wa NUC, ita kuma ta aiko da masana su duba ko akwai malamai, da azuzuwa, da ɗakin na'urori, da littattafai. In sun gamsu, sai a ba da izinin farawa. Wannan izini ba shi ne tantancewa ba. Yarda ce kawai a soma.

Idan kwas ya yi kamar shekara uku yana gudana, ɗaliban farko sun doshi ajin ƙarshe, sai lokacin tantancewa ta ainihi ya zo. Sashen zai cike wani babban kundi inda zai bayyana kansa da kansa: malamai nawa ne, wane matakin ilmi kowa ya taka, ɗalibai nawa ne a kowane aji, kwamfuta nawa ce take aiki, nawa aka kashe wa sashen. Daga nan sai hukuma ta tura ayarin manyan malamai daga wasu jami'o'i dabam, su zo su yi 'yan kwanaki suna gwada abin da aka rubuta da abin da yake ƙasa.

Waɗannan baƙi ba zaman ofis suke yi ba. Sukan nemi takardun jarrabawar shekarun baya da amsoshin ɗalibai, su ga ko tambayoyin sun kai matsayin digiri kuma ko an ba da maki bisa gaskiya. Sukan karanta rahoton mai jarrabawa na waje. Sukan ɗauko kundin binciken 'yan ajin ƙarshe su duba ko ɗalibi ya rubuta manhajar da yake da'awa, ko kuwa kwafe ya yi. Sukan shiga ɗakin na'urori su ce a kunna, su shiga laburare su duba shekarar da aka buga littattafan da ke kan kanta, su kuma buɗe fayil ɗin kowane malami su ga takardar ɗaukarsa aiki. Har ra'ayin ma'aikatun da suka ɗauki tsofaffin ɗaliban sashen akan nema.

Akwai ƙa'idodi da aka san su a fannin kimiyya. Ana son kada malami ɗaya ya ɗauki fiye da ɗalibai 20. Ana kuma son a cikin malaman sashe kashi 20 bisa ɗari su kasance a matakin farfesa, kashi 35 manyan malamai, sauran kashi 45 kuwa ƙananan malamai. Hikimar wannan a fili take: sashen da duk malamansa sababbin hannu ne ba shi da wanda zai duba aikin wani.

HUKUNCI IRI UKU

Bayan ayari ya miƙa rahoto, hukunci ɗaya daga cikin uku ne yake fitowa. Kwas ɗin da ya sami maki 70 bisa ɗari ko fiye, kuma bai gaza 70 ba a kowane ɗaya daga cikin manyan ginshiƙai huɗu, watau tsarin karatu, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da laburare, shi ne yake samun cikakkiyar amincewa, wadda take ɗaukar shekara 5. Wanda ya tsaya tsakanin 60 da 70, ko kuwa ya haura 70 a jimla amma ya faɗi a ginshiƙi guda, sai a ba shi amincewar wucin gadi ta shekara 2, domin ya gyara kurakuransa. Wanda ya gaza 60 kuwa, an hana shi ke nan.

Hanin nan ba ƙaramin abu ba ne. Da zarar an hana kwas amincewa, sai a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa, a sanar da hukumar JAMB, har sai an gyara an sake dubawa. Waɗanda kuma suka shiga kwas da hukuma ba ta taɓa ba da izininsa ba, su ne abin ya fi yi wa ciwo, domin Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima ba ta kiran irin waɗannan, kuma wanda ba shi da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, ƙofar aikin gwamnati a matakin masu digiri a rufe take gare shi. Haka nan idan ya nemi ci gaba da digiri na biyu, nan ma sai ya ci karo da bango.

Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Mutum ne zai nemi hutun ƙaro ilmi, ko ya riƙa karatun yamma da na ƙarshen mako, ya takura wa iyalinsa shekara da shekaru yana biyan kuɗin makaranta daga ɗan albashinsa, da fatan in ya kammala a sauya masa layin aiki a ƙara masa girma. Ranar da ya kai takardarsa Hukumar Kula da Ma'aikata aka ce ba a san wannan kwas ba, ba shi da wanda zai kama. Shekarun sun tafi, kuɗin ma sun tafi.

DALILIN DA YA SA NA KWAMFUTA YA FI WUYA

Kowane fanni yana da nasa nauyi, amma na kwamfuta yana da wasu matsaloli da suka keɓanta da shi.

Na farko, ilmin ba ya zama wuri ɗaya. Littafin lissafi da aka buga shekara talatin da suka wuce yana da amfani har gobe, amma littafin da ke koyar da haɗa na'urori da intanet kafin ya shekara goma ya tsufa. Na'urorin kansu haka suke. Saboda haka sashen da ya ci jarrabawar tantancewa bana, in ya naɗe hannu, kafin shekara biyar ta zagayo ya koma baya.

Na biyu, malamai. Wanda ya ƙware a rubuta manhaja ko tsaron bayanai, bankuna da kamfanonin sadarwa suna nemansa, har ma kamfanonin ƙasashen waje suna iya ɗaukarsa aiki yana zaune a ɗakinsa a Kano su biya shi da dala. Albashin jami'a ba ya gogayya da wannan. Ga shi kuma samar da malami mai digirin digirgir aiki ne na shekaru. Wannan ya sa cika ƙa'idar nan ta farfesoshi da manyan malamai ya fi wuya a sashen kwamfuta fiye da tsofaffin sassa irin su tarihi ko ilmin sinadarai.

Na uku, wutar lantarki. Ɗakin na'urori ba tare da wuta ba ɗakin ajiya ne kawai. Makarantar da ta sayi kwamfuta ɗari dole ta tanadi janareta da man da zai sha, ko faifan hasken rana da batura, da na'urar sanyaya ɗaki domin zafin bazara da ƙurar hunturu na Kano ba su raga wa na'ura ba. Ga kuma kuɗin intanet na kowane wata.

Na huɗu, yawan masu nema. Iyaye sun ji cewa duniya ta koma kan kwamfuta, kowa yana son ɗansa ya shiga. Makaranta kuma tana bukatar kuɗin shiga. Nan ne jarrabawa take ga shugabanni: in aka ɗauki fiye da adadin da hukuma ta ƙayyade, sai a tarar da ɗalibai biyar a kan na'ura ɗaya, guda yana dannawa huɗu suna kallo.

Makarantun gwamnati suna samun agaji daga asusun TETFund, wanda asalinsa harajin ilmi ne da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, aka sake masa fasali a 2011. Da kuɗin wannan asusu aka gina ɗakunan na'urori da yawa, aka kuma tura malamai ƙaro ilmi ciki da wajen ƙasa. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa cikin masu cin wannan gajiya, sai dai su nemo daga aljihun masu su da kuɗin makaranta.

SABON TSARI

A watan Disamba na 1922 babu wanda ya san kalmar kwamfuta a ƙasar Hausa. Shekara ɗari cif bayan haka, a watan Disamba na 2022, NUC ta ƙaddamar da sabon ma'aunin karatun jami'o'i wanda ya ba kwamfuta gida nata na kanta. A lokacin kuwa Babban Sakataren hukumar shi ne Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, wanda ya shugabanci Jami'ar Bayero daga 2010 zuwa 2015, ya kuma riƙe NUC daga 2016 zuwa 2023. A da, ilmin kwamfuta ɗan haya ne a cikin fannin kimiyya, tare da lissafi da sauransu. Sabon tsarin ya kasa karatun jami'a fanni 17, kwamfuta tana ɗaya daga ciki, da digirori dabam-dabam a ƙarƙashinta: kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da tsaron intanet, da kimiyyar sarrafa bayanai, da fasahar sadarwa, da makamantansu. Haka kuma tsarin ya ce hukuma za ta tsara kashi 70 bisa ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta.

A ɓangaren kwalejojin fasaha ma an yi irin wannan. A farkon 2024 NBTE, a ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta raba babbar difloma ta kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da ajiyar bayanai a intanet, rubuta manhaja da gina shafukan intanet, sai tsaron intanet da kare bayanai. Wannan ya shafi makarantu irin ta Titin Matan Fada kai tsaye, domin kowane reshe daga cikin huɗun nan yana bukatar malamansa da kayan aikinsa, kuma kowanne sai an duba shi a kan kansa.

Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce, bai isa a ce masa sashen kwamfuta na makaranta kaza ya sami amincewa ba. Sai ya tambaya: wane ne daga ciki? Amincewar da aka yi wa kimiyyar kwamfuta ba ta rufe tsaron intanet da aka buɗe bara ba.

KAYAN ARO

Ba za a yi wa al'amarin adalci ba in ba a faɗi abin da malaman jami'a da kansu suka daɗe suna kuka da shi ba. An sha zargin cewa wasu makarantu, in ayari ya kusa zuwa, sukan yi aron na'urori daga wani wuri, su yi aron sunayen farfesoshi daga wasu jami'o'i, a yi fenti, a share harabar, baƙi na tafiya kowa ya kwashi kayansa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda aka yaudara a nan ba hukuma ba ce. Ɗalibin da zai fita da takarda mai hatimi amma bai taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba, shi aka cuta, tare da ma'aikatar da za ta damƙa masa bayanan albashin dubban mutane.

Akwai kuma masu gudun tantancewar gida su tafi neman ta sauƙi a maƙwabta. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da karɓar digirorin Jamhuriyar Benin da Togo domin a yi bincike. Masu gaskiya da marasa gaskiya duka abin ya shafa.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

A Amurka ba gwamnati ce take tantance kwas ɗin kwamfuta ba, ƙungiyar ƙwararru ce mai suna ABET, kuma jami'a ce take neman a zo a duba ta don raɗin kanta. A Ingila ƙungiyar ƙwararrun kwamfuta ta BCS ce take yin irin wannan aiki. A 2008 waɗannan biyu da takwarorinsu na Koriya ta Kudu, da Japan, da Kanada, da Ostareliya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Seoul cewa kowa zai girmama digirin kwamfuta da ɗan'uwansa ya tantance. Abin da suka fi ba ƙarfi shi ne abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa ranar da ya kammala, fiye da ƙidayar kujeru da tebura. Wannan darasi ne ga masu tsara ilmi a nan gida, domin saurayin da ya yi karatu a Kano yau yana gasar neman aiki ne da na Bangalore da na Nairobi.

ABIN DA YA KAMACI KOWA

Ɗalibi da mahaifinsa suna da hanyar kare kansu, kuma ba ta da tsada. NUC da NBTE suna wallafa jerin makarantun da aka amince da su da matsayin kwasa-kwasansu, NUC kuma takan fitar da sunayen haramtattun wuraren da ke kiran kansu jami'a. Kwas ɗin da ba ya cikin kundin JAMB abin tuhuma ne, haka ma gurbin karatun da bai biyo ta hannun JAMB ba. Ba rashin kunya ba ne uba ya shiga ofishin magatakardan makaranta ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kwas yaushe aka tantance shi, kuma wane matsayi ya samu?" Makarantar da take da gaskiya za ta nuna masa takarda. Ma'aikaci kuwa, kafin ya biya ko kwabo, ya nemi amincewar ma'aikatarsa a rubuce, ya kuma tabbatar cewa takardar da zai samo tana cikin waɗanda tsarin aikin gwamnati ya sani.

Su kuma shugabannin makarantu da gwamnatocin da suka mallake su, abin da ya fi musu sauƙi shi ne su ɗauki tantancewa a matsayin aikin kullum. Kuɗin da akan saki a gurguje mako biyu kafin zuwan baƙi, da an raba shi a kan shekara biyar ana gyara na'ura, ana biyan kuɗin intanet, ana tura matasan malamai karatu, da ya fi yin albarka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Yaran nan da ke sauka a Titin Matan Fada kowace safiya sun cika nasu alkawarin: sun ci jarrabawa, iyayensu sun biya kuɗi, sun zo aji. Abin da ya rage shi ne alkawarin da aka yi musu, cewa takardar da za a miƙa musu ranar yaye ɗalibai za ta karɓu a duk ofishin da suka kai ta, kuma abin da aka rubuta a kanta yana nan a cikin kansu.